Dutsen Gwangwani

Babanmu yana da dutse
a gwangwanin madara, ƙarƙashin gado,
naɗe cikin tsohuwar safa.
Kore ne shar, in an tofa masa yawu an murza.
A ramin kuza ya tsinto shi, can bayan Bukuru,
shekarar da kamfani ya sallame su
da albashin wata biyu da takalmin roba.

In ruwa ya tsuge da dare a Gangare,
muka jera kwanuka muna tarar yoyo,
sai ya jawo gwangwanin ya ce mu matso.
Ranar da za a sayar da wannan, in ji shi,
rufin kwano sabo fil, famfo a tsakar gida,
Inna ta daina suyar dankali a bakin titi,
Tanimu ya samu keke,
ni kuwa likita,
har da abin nan da ake ratayawa a wuya.
Mu yi barci ƙafafunmu a jiƙe,
cikinmu cike da gobe.

Inna Lantana ba ta ɗaga kai daga tsinken shinkafa.
Tsammanin warabbuka, take cewa,
malam ya ƙi noma don zakka.
Amma ita ma ta san karin bai hau shi ba:
shekara goma sha tara yana gadi a Katako,
da tocila, da gora, da kwat mai gwiwar hannu a yage,
bai taɓa fashin dare ɗaya ba.
In an ce, to kai shi mana a gani,
ya ce kasuwa ba ta nuna ba tukuna.

Bayan sadakar arba'in na ɗauke shi.
Na hau acaɓa hannuna a aljihu,
ina lissafin bulo, ina lissafin siminti,
har na zaɓi launin fenti kafin mu kai Dilimi.

Mai sayen duwatsun tsoho ne, haƙorinsa ɗaya na Makka.
Bai ma ɗauko madubinsa ba.
Ya juya shi sau biyu a tafin hannu.
Gindin kwalba ne, ya ce,
ruwa ya cinye masa kaifi.
Sannan ya dube ni, ya daɗe yana dubana.
Kai ɗan Sallau ne?
Ai ya kawo mini shi, tun kana goye.
Abin da na gaya maka na gaya masa.
Ya yi godiya, ya mayar cikin safa.

Da ƙafa na koma gida.
Na yi fushi har Masallacin Juma'a,
daga nan kuma ban san sunan abin da nake ji ba.

Akwai burin da ke kwantar da mutum
ya ga hadari ya zubar da ruwan tulu.
Na san masu shi, ni ma na taɓa kwana a ɗakinsa.
Na Baba wani iri ne:
wuta ce ta zane a bango,
ya san zane ce,
ya ce mu miƙo hannu mu ji ɗumi,
muka miƙa, muka kuma ji,
shi ya fita cikin sanyi neman gawayi.

Ban zama likita ba.
Ina auna jini a wani ƙaramin asibiti a Rikkos,
rufina yana yoyo ta kusurwa ɗaya kawai.
Jiya Kyauta ta binciko gwangwanin,
ta tofa yawu, ta murza, ba wanda ya koya mata.
Baba, nawa ne wannan?

Ruwa ya fara sauka.
Na ce ɗauko kwano tukuna,
ki zo ki zauna.